Tunawa da Waɗanda Suka Riga Mu: Aikin Fasto a Ƙauyukan Gusau, Tsafe da Bungudu

Wanda duk ya riƙe ikilisiya a karkarar Zamfara ya san yadda jana'iza ta koma a shekarun nan. A dā in mutum ya rasu akan aika wa dangi na nesa, a zauna makoki kwana da kwanaki. Yanzu sau da yawa akan binne mutum cikin gaggawa, mutane suna waige-waige, kowa yana so ya isa gida kafin la'asar. Wani lokaci faston ma ba ya samun hanyar zuwa, sai dattijo ɗaya ya yi addu'a a bakin kabari. Bayan 'yan makonni iyalin sun watse, gwauruwa ta koma wurin 'yan'uwanta a Gusau, yara sun rarrabu a gidajen dangi. Shekara tana zagayowa, ban da mutanen gidansa babu mai ambaton sunan mamacin.

A wannan darasi za mu nuna cewa tunawa da matattu aiki ne da ikilisiya za ta tsara, ta ɗora wa mutane, kamar yadda take tsara baftisma da ɗaurin aure. Aikin yana da sassa uku: rubuta sunan mamaci da labarinsa, faɗin gaskiya a kansa, da ɗaukar nauyin waɗanda ya bari.

Halin da muke aiki a ciki

An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ran 1 ga Oktoba 1996, hedkwatarta Gusau, ƙananan hukumominta 14. Tsafe tana kan hanyar Funtuwa, Bungudu tana kan hanyar Sakkwato. Masu bi na wannan yanki 'yan ƙalilan ne a tsakiyar maƙwabta Musulmi, da yawansu manoma ne da suka fito daga gidajen Maguzawa, wasu kuma aiki ko kasuwanci ya kawo su.

Fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suna addabar ƙauyukan jihar da kisa, da satar shanu, da garkuwa da mutane. A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a jihar, aka kuma rufe kasuwannin mako-mako, wato hanyoyi biyu da labarin rasuwa yake bi ya isa ga dangi. A watan Janairu 2022, bayan harin da aka kai ƙauyukan Anka da Bukkuyum, gwamnati ta ce mutum 58 suka mutu, mazauna wurin kuwa suka ce sun kai wajen 200. Irin wannan tazara tana nuna mana abin da yake faruwa in babu mai rubuta sunaye. Akan yi gardama a kan adadi, amma da wuya a musa suna da aka rubuta tare da ƙauye da rana da shaidu.

Kada kuma mu manta, bindiga ba ita kaɗai take kashewa ba. Zazzaɓin cizon sauro, da amai da gudawa, da naƙuda mai tsanani a daren da ba a iya fita asibiti, da hatsarin mota, duk suna ɗauke mana mutane. Gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a shekarar 2010. Jariri da tsohuwa suna da hakkin a tuna da su daidai da wanda aka harbe a gona.

Abin da Nassi yake nufi da tunawa

A Littafi Mai Tsarki, duk inda aka ce Allah ya tuna da wani, aiki yakan biyo baya. Ya tuna da Nuhu, ruwa ya janye (Farawa 8:1). Ya tuna da alkawarinsa, ya kira Musa (Fitowa 2:24 zuwa sura 3). Ya tuna da Hannatu, ta haifi Sama'ila (1 Sama'ila 1:19-20). Ma'aunin tunawarmu ke nan: me ya biyo bayanta?

Mutanen Allah ba su taɓa raina jana'iza ba. Farawa 23 sura ce sukutum a kan yadda Ibrahim ya sayi kogon Makfela a kan shekel 400 na azurfa domin ya binne Saratu. Isra'ilawa sun yi wa Musa makoki kwana 30 (Maimaitawar Shari'a 34:8). Rizfa ta tsare gawawwakin 'ya'yanta daga tsuntsaye da namomin jeji tun farkon kaka har aka yi ruwa, sai da abin ya kai kunnen Dawuda ya sa aka binne su yadda ya kamata (2 Sama'ila 21:10-14). A tsakiyar tsanani, mutane masu tsoron Allah sun binne Istifanas, suka yi masa kuka ƙwarai (Ayyukan Manzanni 8:2). Ubangijinmu da kansa ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi. Bulus bai hana Tasalonikawa baƙin ciki ba, abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13).

Ikilisiyar farko ta bi wannan sawu. Da aka kashe Folikaf, bishof na Samirna, wajen shekara ta 155, masu bi suka tattara ƙasusuwansa, suka rubuta labarin mutuwarsa suka aika wa wata ikilisiya, suka kuma ƙudura za su riƙa taruwa kowace shekara a ranar. Domin sun rubuta ne muke karanta labarinsa har yau.

Iyakar da muke kiyayewa

Maƙwabtanmu Musulmi da dama suna yin sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, ko da yake malamansu ma sun sha bamban a kan hakan. A gidajen Maguzawa akwai al'adun da ake yi domin kada mamaci ya dami masu rai. Katolika suna da ranar 2 ga Nuwamba ta yin addu'a domin matattu. Membobinmu suna ganin waɗannan duka, za su kuwa tambaye mu namu matsayi.

A koyarwarmu ta masu bin bishara, taron tunawa ba ya sāke wa mamaci matsayi a gaban Allah. Wanda ya mutu cikin Almasihu yana wurin Ubangiji, aikin gicciye ya ishe shi. Muna taruwa ne mu gode wa Allah saboda ransa, mu ta'azantar da iyalinsa, mu koya daga halinsa, mu kuma furta begen tashin matattu. Sai fasto ya bayyana wannan a fili, cikin ladabi, ba tare da zagin al'adar kowa ba. In iyali sun zaɓi taron ya kama ranar arba'in domin dangi Musulmi su samu zuwa, abin da za a duba shi ne me za a yi a taron, me kuma za a koyar.

Na ɗaya: littafin tunawa

Kowace ikilisiya, kome ƙanƙantarta, ta tanadi littafi mai ƙarfin bango, kowane mamaci da shafinsa. A rubuta sunansa na yanka, da na baftisma, da laƙabin da aka san shi da shi. A nan fasto ya yi hattara da alkunya: mace ba ta kiran sunan mijinta, iyaye da yawa ba sa kiran sunan ɗan fari. Kada a matsa musu. A tambayi ƙane ko aboki ko dattijon unguwa.

A rubuta sunan mahaifi da mahaifiya, da ƙauyen asali, da sana'a, da aikin da ya riƙe a ikilisiya. A rubuta ranar rasuwa da sanadinta, da inda kabarin yake da alamar da za a gane shi, kamar itace ko dutse ko iyakar gona, gama ƙauyen da aka tasa yau wataƙila jikoki su koma masa. In iyali ba su riƙe rana ba, sai a bi lissafinsu, kamar ranar kasuwa, ko watan Azumi, ko lokacin yankan gero, a daidaita da kalanda. A ƙarshe a jera sunayen matar ko mijin da yara, da shekarunsu, da inda kowa yake yanzu.

Ƙarƙashin wannan sai labari gajere daga bakin mutum biyu ko uku. A Yafa, gwauraye sun nuna wa Bitrus riguna da Dokas ta ɗinka (Ayyukan Manzanni 9:39). Irin shaidar da muke nema ke nan: rijiyar da ya haƙa, marayan da ta goya, shekarun da ya yi yana kaɗa ƙararrawar sujada. A ajiye kwafi a ofishin gunduma a Gusau, a kuma ɗauki hoton kowane shafi da waya, domin majami'a takan ƙone, littafi yakan ɓace a gudun hijira. Tun 1995 aka fara wani babban kundi na tarihin rayuwar Kiristocin Afirka, wanda Jonathan Bonk ya assasa, saboda an lura labarin masu bishara da katikis da matan zumunta yana bin su kabari. Littafin ƙauyenmu reshe ne na wannan aiki.

Na biyu: gaskiya a kan bagade

Jarabobi uku sukan sami mai wa'azin jana'iza. Ta fari ita ce yabon da ya wuce gona da iri. Mutanen ƙauye sun san mamacin, in muka mai da shi mala'ika, sauran wa'azinmu ma ba za su gaskata ba. Mu faɗi alherin da yake na gaskiya, sauran mu bar wa Allah.

Ta biyu ita ce neman dalilin mutuwa a zunubin mamaci ko a maita. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, ya haɗa da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutane zunubi ba (Luka 13:1-5). Zargin maita kuwa yakan sauka ne a kan gwauruwa ko tsohuwa marar gata, wajibi ne fasto ya tare shi tun yana raɗa.

Ta uku ita ce hura wutar ramuwa. Kisa mugunta ne, mu kira shi da sunansa, mu roƙi Allah da hukuma adalci. Amma kada mu ɗora laifin 'yan bindiga a kan kabila ɗungum, gama Fulani da yawa sun rasa 'yan'uwa da dukiya a wannan fitina, mafi yawan waɗanda aka kashe a jihar kuwa Musulmi ne. Romawa 12:19 ta bar ramuwa a hannun Allah. Kada kuma a ambaci sunan wanda ake zargi a taro ko a littafin tunawa, wannan yana iya jawo wa iyalin sabon hari. In maƙwabci Musulmi ya yi rashi, fasto da dattawa su je ta'aziyya, su zauna a tabarma ɗaya da jama'a.

Akwai kuma waɗanda aka tafi da su daji ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Yakubu ya yi shekaru yana makokin Yusufu alhali Yusufu yana da rai a Masar. Saboda haka a ba su shafi dabam, a riƙa ambatonsu cikin addu'a a matsayin waɗanda ake jira. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ta sa shekara bakwai na rashin labari kafin kotu ta ɗauka mutum ya mutu. Fasto kada ya yi gaggawar sanar da rasuwa ko ɗaura sabon aure ba tare da shawarar shugabannin gunduma ba.

Na uku: waɗanda aka bari

Makoki yakan watse cikin mako guda, wahalar iyali kuwa a lokacin take somawa. Ikilisiyar Urushalima ta keɓe mutum bakwai saboda abincin gwauraye (Ayyukan Manzanni 6), Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ma'anar addini sahihi, a kan gicciye ma Yesu ya danƙa mahaifiyarsa a hannun almajiri guda. Darasin shi ne a ɗora nauyin a kan mutum mai suna. Kowane gida da aka yi rashi a ba shi dattijo ɗaya da mace ɗaya daga Zumuntar Mata, su riƙa ziyara har shekara, suna kawo rahoto ga majalisar dattawa.

Abubuwan da za su duba sanannu ne. Akwai hatsi a rumbu da zai kai kaka? Wa zai nome gonar bana, ko matasa za su yi gayya? An jinginar da gona ko an ci bashi domin kuɗin fansa ko na asibiti? Yara suna makaranta? An nemi takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, wadda doka ta ɗora wa rajistar haihuwa da mutuwa? Ba tare da ita ba, kuɗin banki da fansho sukan maƙale. A gidajen da addini ya rabu, rabon gado yakan zo da rikici, wani lokaci har da matsa wa gwauruwa ta bar bangaskiyarta ko ta ba da yaran. Fasto ya shiga maganar da wuri, tare da mai gari da manyan dangi, in ta kama a nemi lauya.

In iyalin sun yi ƙaura, a rubuta wa faston inda suka sauka, a kira shi a waya a tabbatar ya gan su. Sau ɗaya a shekara kuma, ko a ƙarshen Disamba ko a lokacin godiyar kaka, a karanta sunayen dukan waɗanda suka rasu a gaban jama'a, a hankali, babba da yaro. Baikon ranar a raba wa gidajensu.

Tambayoyi domin nazari

1. Rubuta sunayen waɗanda suka rasu a ikilisiyarku cikin shekara uku da suka wuce. Ina iyalin kowannensu suke yau?
2. Karanta 2 Sama'ila 21:1-14. Me aikin Rizfa ya sāke a zuciyar sarki?
3. Gwauruwa ta roƙe ka ka yi addu'a Allah ya gafarta wa mijinta da ya rasu. Yaya za ka amsa mata da gaskiya, ba tare da ka ƙara mata ciwo ba?
4. Tsara shafi ɗaya na littafin tunawa, ka cika shi da labarin wani mai bi da ka sani, ka kawo aji mako mai zuwa.