Raunin Laka: Gashi Da Kulawa Su Ne Gatan Majinyaci

Jama'a, a cikin ƙashin bayan mutum akwai wata farar jijiya mai kaurin ɗan yatsa. Sunanta laka. Ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu. Idan mutum ya faɗo daga bishiya, ko ya yi haɗarin mota ko babur, laka tana iya samun rauni. Sai ƙafafu su mutu, fitsari ya riƙa zuba ba da saninsa ba.

In haka ta faru, kada a zaunar da shi. Kada a kai shi wurin mai ɗori ya ja ko ya danna. A kwantar da shi a miƙe bisa ƙyauren ƙofa, a tallafi kansa da wuyansa, a nufi asibiti. A birnin Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, kusa da Ƙofar Ruwa, wanda aka kafa a 1959.

Bayan jinya sai gashi. Ma'aikatan gashi suna motsa gaɓoɓi don kada su sandare. Suna koya wa majinyaci zama da juyi da hawa keken guragu. Wani lokaci sukan manna masa na'ura a fata. Na'urar tana tura lantarki kaɗan zuwa jijiya, sai tsoka ta motsa. Wannan yana rage shanyewar tsoka, amma ba ya haɗa lakar da ta tsinke.

Masana suna ta bincike. A 2018, a ƙasar Suwizalan, likitoci sun ba da rahoton cewa sun dasa wa mutum 3 irin wannan na'ura a jikin laka. Bayan watanni na motsa jiki, sun iya takawa da abin dogarawa. Sai dai lakarsu ba ta tsinke gaba ɗaya ba.

A gida kuwa, babban abokin gaba shi ne gyambon kwanciya. A riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana. A duba ƙugunsa da dugadugansa kullum. Shimfiɗa ta zama busasshiya. A ba shi ruwa isasshe. In an ga zazzaɓi ko fitsari mai wari, a koma asibiti.

'Yan uwa, kada mu ɓoye shi a ɗaki. Mu fito da shi zaure cikin mutane, mu kama masa sana'ar hannu. Sannu ba ta hana zuwa.