Data ba ta maganin yankewar murya a kiran intanet

Duk abin da ke tafiya a intanet, murya ce ko hoto ko rasit ɗin POS, ana yayyanka shi ƙananan ƙunshi ana turawa ɗaya bayan ɗaya. Idan ƙunshin suka yi wa layi yawa, sai su taru a cikin rauta suna jiran hanya. Tsarin da ake kira QoS shi ne ke tantance wanda zai fara wucewa.

A gidaje da shagunan kwamfuta na Unguwar Dosa, inda sau da yawa rauta ɗaya ta MTN ko Airtel ke ɗaukar wayoyi da dama, da murya ta fara yankewa sai a ce sabis ya lalace, a ruga a sayi ƙarin data. Wannan asarar kuɗi ce tsagwaronta. Data adadi ce, ba ta faɗaɗa layi, ba ta kuma rage jira. Kiran murya na WhatsApp ko kusa da megabit ɗaya a sakan ba ya ci. Abin da ba ya jurewa shi ne jinkiri. Ƙa'idar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna cewa in jinkiri ya wuce milisakan 150 daga baki zuwa kunne, hira takan fara tangarɗa. To, wayar yaro ɗaya da ke ɗora bidiyon biki a Google Photos ta isa ta cika layin fita, wanda dama ya fi na shiga ƙunci. Muryar maigida sai ta tsaya a baya, alhali sandunan sabis a cike suke, data kuma tana nan jingim. Abin takaici, har masu sana'ar ma kan ba da shawarar a ƙara data.

QoS kamar ba motar asibiti hanya ne a cunkoson Kawo: titin bai ƙara faɗi ba, wasu ne suka dakata. A layin kebul, ƙa'idar 802.1p ta ba da matakai takwas, daga 0 zuwa 7, akwai kuma alamar DSCP ta 1998, inda murya kan samu lamba 46. A Wi-Fi lamarin ya bambanta, domin iska ɗaya ake rabawa. Ƙa'idar 802.11e ta 2005, wadda ke bayyana a rauta da sunan WMM, ta kasa zirga-zirga gida huɗu: murya, bidiyo, na gama-gari, da na bayan fage. Mai fifiko yakan jira kaɗan kafin ya yi magana, amma ba tabbas ba ne.

Gyaran na mai rauta ne. Ya bar WMM a kunne. Wasu kan kashe shi da sunan dabara, sai gudun ya faɗi warwas. Ya auna gudun layinsa da daddare, lokacin da unguwa duk ta hau intanet, ya sa iyakar QoS ƙasa da abin da ya auna da kamar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, domin layin jira ya taru a cikin rautarsa inda yake da iko. Kwamfutar aikin shago a haɗa ta da kebul. A hana wayoyi ɗora hotuna da sabunta manhajoji da kansu a lokacin aiki. Wayar da ke can ƙuryar gida da sabis rarrauna tana cinye lokacin iska na kowa, don haka a ajiye rauta a tsakiyar gida, a sama, ba bayan talabijin ba.

Ikon QoS dai a ƙofar gida yake ƙarewa, domin kamfanoni galibi ba sa mutunta alamar fifikon da ta fito daga rautar mutum. Cunkoso a turken sabis ko yankewar kebul na kamfani kuwa, wannan ƙorafi ne da ake kai wa kamfanin, in bai gyara ba a kira hukumar NCC a lamba 622.