Shin Ko Kun San? Ranar Gyara Ma Tana Da Lissafi

Shin ko kun san za a iya yi wa inji gyaran da ya dace, da kayan da suka dace, kuma a jawo bala'i saboda kawai an yi shi a ranar da ba ta dace ba?

Mu fara daga gida. Mai injin niƙa a Tsanyawa zai yi juyen baƙin mai, awa ɗaya. Canjin bel, awa ɗaya. Wasa haƙoran inji, awa uku. In ya rarraba su, niƙa ta tsaya awa biyar. In ya sa yaransa suka kama duka lokaci guda, awa uku an gama! Inji ɗaya ne, in ya tsaya ya tsaya, gara a haɗa aikin.

To amma ku tsaya. Manomin rani mai injin ban-ruwa biyu fa? A ce kowane inji yana kwana wurin bakanike rana 1 cikin 10. In tsautsayi ne ke zaɓar ranar, sau 1 cikin 100 za su kwanta tare. In ya tsara musu ranaku daban, sabis ba zai taɓa haɗa su ba. In kuwa ya kai su rana guda don ya huta da zirga-zirga? Rana 1 cikin 10 albasa ba ruwa. Ninki goma!

Ku dubi tashar wutar lantarki ta Shiroro, a kan Kogin Kaduna a Jihar Neja. Tun 1990 take aiki, da injina 4, kowane megawat 150. A tsayar da ɗaya, saura 450. A haɗa biyu, rabin tashar ya tafi.

Yanzu ku gyara zama. Ranar 5 ga Mayu, 1983, jirgin kamfanin Eastern ya tashi daga Miami a Amurka zuwa Nassau da mutum 172. Injinsa uku. Kafin tashi an canza wa duka ukun wani ɗan ƙaramin kaya iri ɗaya, kuma a duka ukun ba a sa zoben robar da ke hana mai tsiyaya ba. Mai ya zube a sama. Matuƙa suka kashe inji ɗaya, sauran biyun suka mutu da kansu, jirgi ya yi ta gangarowa kan teku ba inji ko ɗaya! Da ƙyar na farkon ya sake kamawa, shi ya dawo da su Miami. Ba wanda ya rasa ransa. Zoben da bai kai girman kwabo ba, jama'a. Shi ya sa a yau jiragen da ke tsallaka teku da inji biyu ake gudun a bar mutum ɗaya ya yi wa duka biyun aiki iri ɗaya a zama guda.

Kuma kun san gyaran kansa yana kawo lalacewa? A Yaƙin Duniya na Biyu, masanin Birtaniya C. H. Waddington ya lura jiragen yaƙi sun fi samun matsala daidai bayan an fito da su daga sabis. Aka tazarce lokacin dubawa, aka rage kwance-kwancen banza, awannin tashi suka ƙaru da fiye da kashi 60 cikin 100!

To ta yaya injiniyoyi ke zaɓar rana? Da ƙuri'a! Sukan gina tasha irin ta Shiroro a cikin kwamfuta, su sa mata jadawalin sabis, kwamfuta ta riƙa jefa ƙuri'ar wane inji zai lalace da yaushe. Ta rayu shekara guda sau dubu goma kafin shayinku ya huce. Sai a ƙirga sau nawa sabis ya ci karo da lalacewar inji na biyu. Amma a kula: in ba a koya mata cewa ayyukan da aka haɗa ba a tara awanninsu ba, za ta ce awa biyar inda gaskiya uku ne, kamar na mai injin niƙa, lissafin shekara ya karkace.

Dabarar ana kiranta Monte Carlo. Stanislaw Ulam ne ya gano ta a 1946, yana jinya, yana buga karta shi kaɗai.

Ga ta ƙarshe, ku kai wa bakaniken unguwarku. A 1978 Nowlan da Heap na kamfanin United Airlines suka nuna kashi 11 cikin 100 kacal na kayan jirgi ne tsufa ke ƙara wa haɗarin lalacewa. Kashi 68 kuwa sun fi mutuwa suna sababbi fil, daidai bayan an ɗaura su!