Ciwon Bayan da Ba Na Ɗori Ba Ne

Aliero ta yi suna da abu biyu, albasa da ɗori. Daga Jega, daga Maiyama, har daga Nijar da Binin, ana kawo masu karaya da targaɗe gidajen masu ɗori na garin, kuma da yawa suna komawa gida da ƙafafunsu. Sai dai cikin masu zuwa akwai wanda bai faɗi ba, mota ba ta buge shi ba, amma ƙasan bayansa na ciwo wata da watanni, zama ya gagare shi, fitsari ya fara kufce masa. Wannan ba aikin kara da tsumma ba ne. Sau da yawa tarin fuka ne ya ci ƙashin baya, ko kansar wani wuri ce ta yaɗu. Jefi-jefi kuma wani ƙari ne da likitoci ke kira kodoma.

Kodoma ba ta da yawa, kusan mutum ɗaya cikin miliyan take kamawa a shekara. Tana tsirowa ne daga ragowar wata tsoka da ta yi wa ɗan tayi jagorar gina ƙashin baya tun yana ciki, shi ya sa ta fi fitowa a wuri biyu: ƙarshen gadon baya, da gindin ƙoƙon kai. Ta kai takan fara da ciwon kai da ganin abu bibbiyu. A hankali take girma, amma tana da naci. Ko an yi tiyata an cire ta, in aka bar ɗan guntu sai ta dawo.

Saboda haka bayan tiyata ake bi da gashi, wato ƙona ragowar ƙarin da hasken na'ura, kuma a nan wahalar take. Kodoma ba ta jin gashi sai an ba ta da yawa, sama da ma'auni 70, alhali jijiyar ido da laka da tushen ƙwaƙwalwa, waɗanda ke manne da ita, ba sa jure fiye da 54 zuwa 60. Hasken gashin da aka saba da shi yana ƙona abin da ya tarar a hanya, ya ratsa ƙarin, ya wuce ta baya yana ci gaba da ƙuna.

Furoton ba haka yake ba. Ƙwayar zarra ce da ake cirowa daga iskar haidirojin, na'ura ta yi ta juya ta har gudunta ya haura rabin gudun haske, sannan a harba ta cikin jiki. Kamar motar albasa take: abin da ke zubewa a hanya kaɗan ne, sai ta isa kasuwar da aka aike ta take sauke kayan duka, ba ta kuma wuce nan. Likita ke tsara zurfin da za ta tsaya. Majiyyaci yakan kwanta da abin rufe fuska da aka ƙera daidai kansa don kada ya motsa, kwana biyar a mako, har mako bakwai ko takwas.

Robert Wilson, masanin kimiyya a Amurka, shi ya kawo shawarar a 1946. An fara gwadawa a kan mutane a Bakali, can Amurka, a 1954, asibitin Loma Linda kuma ya buɗe cibiyarsa a 1990. A Afirka ta Kudu an fara a 1993, daga baya aikin ya tsaya. Asibitin Apollo da ke Cennai a Indiya ya buɗe tasa a 2019. Nijeriya ba ta da ko ɗaya, haka duk Afirka ta Yamma, don gina cibiya guda yana cin miliyoyin daloli masu yawa.

A ganina, neman wannan na'ura ba shi ne a gabanmu yanzu ba. Ɗan Maiyama da ke buƙatar gashi na yau da kullum ma sai ya tafi Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Shika a Zariya, kuma na'urorin gashi a ƙasar nan ba su kai yawan masu jiransu ba. Ga shi sababbin na'urorin gashi na haske sun ƙware wajen auna ƙari, suna taimaka wa masu kodoma da dama. Abin da ya fi cutar da mutanenmu jinkiri ne. Ƙarin da aka gano yana ƙarami likitan tiyata na iya cire shi gaba ɗaya. Wanda ya shekara biyu ana shafa masa magani, ko furoton ba lalle ya ƙwato ƙafafun mai shi ba.

Masu ɗorin Aliero sun san ƙashi, hannunsu na gane karaya. Idan aka kawo muku mai ciwon baya babu faɗuwa babu rauni, ga kasala a ƙafa ko kufcewar fitsari, ku ce da 'yan'uwansa su wuce da shi asibiti a Birnin Kabi ko Sakkwato, a yi masa hoton MRI tun yana iya takawa da kansa.