Daga Yamai Zuwa Hombori: Yadda Baƙin Hannun Fatima Suka Ɗauke Ƙafa

Duk ɗan kasuwar da ya saba cin kasuwar Lahadi ta Ayoru kafin shekarar 2011 zai tuna da wasu baƙi da kan ɓullo da zarar sanyi ya kama. Turawa ne cikin motoci masu shiga rairayi, an lafta masu igiyoyi da jarkokin ruwa a sama. Ba fatauci ya kawo su ba. Dutse za su hawa a ƙasar Mali, wanda ake kira Hannun Fatima, kusa da garin Hombori.

Dutsen ya sami wannan suna ne saboda tsayuwarsa kamar tafin hannu mai yatsu biyar a tsakiyar fili. Mafi tsawo cikin yatsun, wato Kaga Tondo, ya kai kusan mita 600 daga gindi zuwa ƙololuwa, a miƙe kamar bango. Kusa da shi kuma akwai Hombori Tondo mai mita 1,155, wanda babu dutsen da ya kai shi tsawo a duk ƙasar Mali. Wani ɗan ƙasar Sifen mai suna Salvador Campillo ya shafe shekaru a gindin dutsen, kuma shi ya buɗe da yawa daga hanyoyin da mahaya ke bi.

Mai karatu zai so ya ji yadda ake hawan. Mutum biyu ne ke ɗaure da igiya guda. Na gaba yana hawa da yatsu da ƙafa, yana cusa ƙarafa cikin tsagar dutse yana maƙala igiyar, na ƙasa kuma yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan, ta yadda ko ya zame ba zai kai ƙasa ba. Idan igiya ta ƙare sai na gaba ya kafe, ya tsare wa ɗan'uwansa har ya iso. Haka za su yi ta yi tun asuba har yamma, wani lokaci ma su kwana a jikin dutsen. Shi ya sa ba a zuwa sai tsakanin Nuwamba da Fabrairu, domin da bazara dutsen ba ya taɓuwa don zafi.

Ga wanda ya taso daga Yamai, hanyar ita ce dai ta 'yan kasuwa. A bi Tilaberi da Ayoru, a yi sallama da jandarmomi da 'yan duwan na Nijar a Yasan, a shiga Mali ta Labezanga, sannan Ansongo, sai Gawo, kimanin kilomita 450 ke nan. Takardun su ne fasfo, katin allurar shawara, inshora da takardar shiga da mota. Babu wahalar canji, tunda sefa ake kashewa nan da can. A Gawo ake ƙetare kogin Kwara, da can a jirgin fito, daga 2006 kuma a kan gadar Wabariya. Abin sha'awa, mutanen yankin suna kiran gaɓar da Gawo take Hausa, ɗaya gaɓar kuma Gurma. Daga nan sai a bi ta Gosi zuwa Hombori, kimanin kilomita 250.

Baƙin ba su da yawa, amma kuɗinsu na ratsa hannaye da dama: mai masauki, mai mai, mai faci, mai nama, mai rawani da takalman fata, da samarin ƙauye masu dakon ruwa da kaya zuwa gindin dutse.

Idan ba a manta ba, a watan Nuwamban 2011 ne 'yan bindiga suka sace Faransawa biyu a masaukinsu a Hombori. An kashe ɗaya a 2013, ɗayan kuma bai kuɓuta ba sai Disamban 2014. A 2012 Gawo ta faɗa hannun 'yan tawaye. Tun daga nan mahaya suka ɗauke ƙafa. A watan Agustan 2021 kuma aka kashe fararen hula kimanin 50 a Watagona da ƙauyukan da ke kewaye, a daidai wannan hanya tsakanin Labezanga da Ansongo.

Baturen da ya rasa Hombori ya nemi wani dutsen a wata ƙasa. Amma direba da ɗan kasuwar da abincinsu ke kan wannan kwalta ba su da wata hanyar, sai dai su jira ayari ko su yi kasadar rai da dukiya. Don haka duk mai niyyar bin ta ya fara tambayar direbobin da suka sauko a tasha, kada ya yi tafiyar dare. Allah Ya dawo da zaman lafiya a yankin, amin.