Doya Ɗaya, Makoma Uku

Tun da dajin Birnin Gwari ya zama abin tsoro, manoma da yawa a Kusasu suka dawo da noma kusa da gida. Wani magidanci ya tayar da tudun doya a bayan gidansa. Irin doya ya yi tsada, sai ya sayi manyan doya a kasuwa, ya yanyanka, ya shuka. Ruwa ya sauka, wasu suka tsiro, wasu shiru.

Mai doya aka fara zargi, wai ya sayar masa da matacciya. To amma tudun da ya tsiro da wanda ya ƙi, ai daga doya ɗaya aka yanko su. Aka koma kan gafiya, aka duba, babu rami. Zafin rana fa? Kowane tudu da hularsa ta busasshiyar ciyawa. Har an fara raɗe-raɗin baki da hassada, abin da ba ya wuya a garinmu.

Wani dattijo Bagware, wanda ya tsufa a noman doya, ya ce a tone. Na farkon da aka ciro yana nan da ƙarfinsa, har ya fara saiwa.

"Mayar da shi, ɗana," in ji shi. "Wannan gindi ne. Kan doya ke riga tsirowa, tsakiya da gindi sai sun yi jinkiri. Laifinka kawai ka cakuɗa su a layi ɗaya."

Na biyu fari ne fat ta kowane gefe, ya bushe a banza. Daga cikin doyar aka yanko shi, ba ɓawo ko kaɗan. Doya kuwa daga ƙarƙashin ɓawonta take fitar da tsiro.

Saura masu wari, waɗanda suka ruɓe alhali da ɓawonsu. Nan dattijon ya daɗe yana juya su.

"Yaushe ka yanka waɗannan?"

"Ranar shuka, Baba. Iri ne ya gaza, na ƙara."

"Na farkon fa?"

Sai matar gidan ta tuna: ita ta barbaɗa musu tokar murhu, suka kwana biyu a inuwar rumbu. Yankan ya bushe ya yi fata. Na ƙarshen da ɗanyen rauni aka tura su cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruɓa ta samu ƙofa.

Ƙanƙantar yanka ba ta cikin masu laifi. Tun shekarun 1980 cibiyar binciken saiwoyi ta Umudike da IITA ta Ibadan suke koya wa manoma samar da iri daga yanka mai nauyin giram 25 kacal. Sharaɗin dai kowane yanka ya fito da ɓawonsa, a sa masa toka ko magani, a bar shi ya sha iska kafin ya shiga ƙasa.