Koyar da Fassara daga Nesa a Lokacin Annobar Korona

Gabatarwa

A ranar 11 ga watan Maris na shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ranar 19 ga wata aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijar, washegari kuma aka rufe makarantu, tun daga na firamare har zuwa jami'o'i. Ba a koma ba sai 1 ga watan Yuni. A cikin waɗannan makwanni goma malamai da yawa sun yi ƙoƙarin ci gaba da karatu ta intanet, kowa da irin dabararsa. Wannan takarda za ta duba abin da ya sami darasi guda ɗaya, wato fassara daga Faransanci zuwa Hausa, domin ɗalibi ya ga waɗanne sassa na aikin ne suke iya bin waya su isa lafiya, waɗanne ne kuma suke lalacewa a hanya.

Abin da ake yi a ajin fassara

Akwai darussan da malami zai iya rubutawa ya aika, ɗalibi ya karanta ya gane. Tarihin nazarin Hausa yana daga cikinsu. Fassara ba ta cikinsu, domin ba a koyonta sai da gardama. Malami yakan rubuta jimla ɗaya a allo, ya ce a fassara. Ɗan Maradi ya kawo tasa, ɗan Tawa ya ce a wajensu ba a faɗin haka, ƴar Damagaram ta ce duka biyun suna da ƙamshin Faransanci. Kafin a tashi an gwada jimla biyar ko shida, an zubar da huɗu, kowa kuma ya ji dalilin zubar da su. Wannan dalilin shi ne darasin. Jimlar da aka tsaya a kanta daga ƙarshe ba ta kai shi muhimmanci ba.

Akwai kuma dariya. Idan ɗalibi ya karanta fassarar da ta bi Faransanci sau da ƙafa, aji yakan fashe da dariya tun kafin malami ya buɗe baki, mai fassarar kuma ba zai sake yin wannan kuskure ba. Babu alƙalamin gyara da ya kai wannan kaifi. Da aka koma intanet, abu na farko da aka rasa ke nan: kowa yana zaune shi kaɗai, ya rufe makirfo, malami yana magana kamar mai wa'azi a kango.

Kayan aiki

Ba za mu daɗe a nan ba, don matsalar sananniya ce. Mafi yawan ɗalibai salula gare su, ba kwamfuta ba. Da aka rufe makarantu da yawa sun koma garuruwansu, inda rezo yake zuwa yana tafiya. Rufewar ta faɗo a tsakiyar bazara, lokacin da ɗaukewar wuta ta fi yawa, azumi kuma ya kama a ƙarshen Afrilu. Darasin bidiyo na awa biyu a Zoom yana cin kuɗin da ɗalibi ba shi da shi. Saboda haka a aikace ajin ya koma rukunin WhatsApp: malami ya ɗauki hoton matani ya tura, ɗalibai su dawo da fassara a rubuce ko a murya, wani yau, wani jibi. Gardamar da akan gama cikin minti ashirin sai ta ɗauki kwana uku, kafin amsa ta zo mai tambaya ya manta abin da ya tambaya.

Haruffa masu lanƙwasa

Matsalar da ta fi ba mu mamaki ƙarama ce a ido. A takarda, ɗalibi yana rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ da hannunsa ba tare da tunani ba. A salula kuwa allon rubutun da ya saba da shi na Faransanci ne, babu waɗannan haruffa a kansa, yana kuma “gyara” kalmomin Hausa yana mai da su na Faransanci. Sai aikin ya iso babu lanƙwasa ko ɗaya.

Wani zai ce ai Bahaushe yana ganewa daga ma'anar zance. Sau da yawa haka ne. To amma a duba wannan jimla, irin wadda aka yi ta rubutawa a lokacin annobar:

A guji taba baki.

Mai karatu zai gane cewa “taɓa” ake nufi, ba tabar sha ba. Kalmar ƙarshe fa? Idan “baki” ce, an hana mutum kai hannu bakinsa. Idan “baƙi” ce, an hana shi yin hannu da mutanen da suka zo daga wani gari. Duka biyun shawara ce da likita zai iya bayarwa a wancan lokaci, don haka ma'anar zance ba ta raba gardama. Haka “bari” da “ɓari” a cikin saƙon da ya shafi mata masu ciki, haka “kasa” da “ƙasa”. Malami kuma ya rasa abin da zai hukunta: shin ɗalibin bai san ƙa'idar rubutu ba ne, ko wayarsa ce ba ta sani ba?

Maganin yana nan, domin haruffan duk suna cikin tsarin Unicode, allon rubutu irin su Gboard kuma yana da Hausa. Sai dai dole a ware darasi guda a koyar da sa shi a waya, abin da babu shi a cikin manhaja. A nan ne kuma bambancin rubutun ƙasashen biyu ya fito fili: ƙa'idar da Nijar ta tsayar a 1999 tana rubuta “ƴa”, a Nijeriya kuwa an fi rubuta “'ya”. Ɗalibin da ya kwafo jimla daga wata kafar Nijeriya, wannan harafi kaɗai yakan tona shi.

Kalmomin da babu su a ƙamus

Annobar da ta raba aji ita ce kuma ta ba shi matanin da bai taɓa samun irinsa ba. Kullum sanarwa tana fitowa da Faransanci, kullum gidajen rediyo, daga Muryar Sahel har zuwa Studio Kalangou da ƙananan tashoshin karkara, suna mayar da ita cikin harsunan ƙasa a ranar. Babu ƙamus da za a buɗe. Ɗalibai sun ga da idonsu yadda ake ƙirƙirar kalma, da yadda wata take kama ƙasa wata ta mutu.

Mu fara da gestes barrières. Wanda ya bi kalma da kalma zai kawo “motsin shinge”, wanda ba ya nufin komai. Abin da ake nufi shi ne wanke hannu, rufe baki in za a yi tari, da barin musafaha. “Matakan kariya” ko “hanyoyin kare kai” sun wadatar. An yi hasarar hoton shingen, amma ba hoton ne mai saurare yake bukata ba.

Distanciation sociale ta fi haɗari. Idan aka ce “nisantar jama'a”, Bahaushe zai ji kamar an ce ya yanke zumunci, ya bar gaisuwar mutuwa da duba marar lafiya, zai kuma ƙi saƙon gaba ɗaya. “Ba da tazara” ta faɗi abin da ake so: mita ɗaya ko fiye tsakanin jiki da jiki. Abin lura shi ne, tun a watan Maris na 2020 ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fifita cewa tazarar ta jiki ce ba ta zamantakewa ba. Wato a nan fassarar ta fi asalin daidai.

Sai confinement. A Nijeriya an ce “dokar kulle”, kalmar ta kuma zauna, domin kowa ya san kullen matan aure, ya san ma'anarsa zama a gida ba fita. Amma abin da aka yi a Kano a watan Afrilu ba shi aka yi a Yamai ba. A Yamai, daga ƙarshen Maris, an hana shiga birnin da fita daga cikinsa, an kuma sa dokar hana yawon dare, amma da rana mutane suna fita neman abinci. Ga kuma quarantaine, wato killace wanda ake zaton ya kamu. Abu uku ne daban. Ɗalibin da ya ji “kulle” a rediyon waje ya ɗora ta a kan duka ukun, ya gaya wa mai saurare dokar da ba a kafa ba. Irin wannan kuskure ne aji yake kamawa nan take, a WhatsApp kuwa sai ya kwana biyu, wasu biyar sun kwafe shi.

A kan masque an daɗe ana ja. “Takunkumi” ta yaɗu, amma asalinta abin da ake ɗaura wa dabba a baki ne don kada ta ci amfanin gona ko ta yi cizo, a labarun duniya kuma ita ce kalmar hukuncin da ake ƙaƙaba wa ƙasa. Wasu dattawa ba su so a ce su sa takunkumi. “Ƙyallen rufe baki da hanci” ta fi ladabi, sai dai ta yi tsawo a allon sanarwa. Mutanen birni da yawa suka ci gaba da faɗin bavette abinsu. A ra'ayina babu wadda ta yi nasara sarai, kuma ya kamata ɗalibi ya saba da irin wannan: wani lokaci zaɓin ya danganta ga wanda ake yi wa magana.

Testé positif tarko ce ga mai gaggawa, don positif a wani wuri tana nufin abu mai kyau. A nan ma'anarta “an same shi da cutar”. Asymptomatique kuwa ba ta da kalma guda. Dole a warware ta, a ce “yana ɗauke da cutar amma ba ta nuna alama a jikinsa ba”. Ba za a kira shi marar lafiya ba, tunda shi kansa lafiya lau yake ji, kuma a nan ne duk wahalar saƙon take.

Sunan cutar ma bai tsira ba. Wasu kafofi sun ce “cutar numfashi”, wasu “cutar mashaƙo”, kafin “korona” ta rinjaya. Aron sunan tsohuwar cuta yana da sauƙi a ranar, amma bashi ne. A 2023, da cutar diphtérie ta ɓarke a Kano da jihar Damagaram, ita ma “mashaƙo” aka kira ta, ga shi kuwa cututtukan biyu ba ƙwaya ɗaya ke kawo su ba: ta farko virus ce, ta biyu bactérie. Hausa tana kiran duka biyun “ƙwayar cuta”, wannan ma wani giɓi ne da har yanzu mai fassara yake cikewa da bayani.

Na'ura da gyaran aiki

Tun ƙarshen 2013 Google Translate yake da Hausa. A aji malami yana ganin hannun kowa. Daga nesa ba ya gani. Amma a 2020 aikin na'ura yana da alamun da ba su ɓuya. Sau da yawa yakan bi ta Ingilishi kafin ya iso Hausa, Ingilishi kuwa ba ya bambanta “kai” da “ke” da “ku”. Sai a ga sanarwa ta fara da “ku wanke”, ta koma “hannunka” a tsakiya. Bahaushe mai rubuta sanarwa ga jama'a yakan kauce wa wannan duka ya ce “a wanke hannu da sabulu”.

Farautar masu satar amsa ɓata lokaci ce, na'urorin kuma sun ƙara ƙwarewa tun daga wancan lokaci. Abin da ya yi amfani shi ne sauya abin da ake ba maki. Maimakon fassara kaɗai, sai a nemi ɗalibi ya haɗo da saƙon murya na minti biyu, ya zaɓi wuri uku a cikin aikinsa, ya faɗi abin da ya fara rubutawa, abin da ya musanya da shi, da dalili. Wanda bai yi aikin da kansa ba ba shi da abin da ya zubar, don haka ba shi da abin faɗa. Ta wannan hanya wani yanki na gardamar aji ya dawo, ko da yake mutum da kansa yake yinta. An kuma sami ribar da ba a zata ba: murya tana ɗauke da karin sauti da tsawon wasali, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa, kuma ɗaliban da ba su taɓa ɗaga hannu a aji ba, musamman mata, sun yi magana. Wahalar ta koma kan malami, wanda zai saurari saƙonni ɗaya bayan ɗaya; takarda ana iya duba ta da sauri, murya ba a iyawa.

Tafinta

Sashen da bai sami magani ba shi ne tafinta, wato fassarar baka. Tafinta yana sauraren magana sau ɗaya, ya riƙe ta a ka ko da ƴan alamu a takarda, ya mayar nan take, yana kallon fuskar mai magana da ta mai saurare. A kiran bidiyo murya tana makara, tana yankewa, ba a sanin ko ɗalibi ne ya yi shiru ko rezo ne ya tafi. A saƙon murya kuwa zai iya maimaita sauraro sau goma, ya duba ƙamus, ya ɗauki amsarsa sau biyar ya turo mafi kyau. Abin da ya turo fassara ce mai kyau, amma ba tafinta ba ce. An gwada ƙayyade lokaci, a ce amsa ta iso cikin minti biyar. Sai dokar ta hukunta na ƙauye, wanda saƙonsa yake maƙalewa a hanya, ta bar na birni. Wannan sashe dole aka jinkirta shi har aka koma aji a watan Yuni, aka yi shi da tazara tsakanin kujeru, kowa da ƙyalle a fuska, tafinta yana ƙoƙarin fahimtar mai maganar da ba ya ganin leɓɓansa.